Kwalbar Tawada Marar Ƙaro

Daga Zandam zuwa Gwaram

Ana kiran assalatu na fito daga gida ranar Talata, jaka a kafaɗa, kwando a hannu. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Maigidana, Baban Sadiya, ya riga ya tayar da babur yana jirana a ƙofar gida. Da ya ga yadda na rungume kwandon sai ya ce, "Ko Sadiya tana jaririya ba ki riƙe ta haka ba."

Na ce, "Sadiya ba ta zubewa. Ja mu tafi."

Bari in gaya muku abin da ke cikin kwandon, kada ku ce Malama Bilkisu ta zare. Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke yankinmu. A dogon hutun da ya wuce na sami gurbi a wani shiri da ke kai malaman sakandare jami'a, su zauna da masu bincike su ga aiki da idonsu, sannan kowa ya koma ya tsara darasin da za a sa a manhaja. Ni ɗakin binciken Dakta Asabe aka tura ni, a Kano. Aikinta kimiyyar nano, wato ilimin ƙwayoyin abu ƙanana ƙwarai, irin waɗanda sai ka tsaga silin gashi gida dubu kafin ka sami kwatankwacinsu. Abu idan ya ƙanƙance haka, halinsa ma sauyawa yake yi.

Sauran malaman duk sun gina darussansu a kan sinadaran da ake odarsu daga waje da na'urori masu cin wuta. Mu kuwa ɗakin gwaje-gwajenmu suna ne kawai, tebur biyu da famfon da bai taɓa ɗigar da ruwa ba. Sai jami'in shirin, Malam Nasiru, ya kira ni a waya ya ce bayan taron kwamiti na ranar Laraba za a cire duk makarantar da ba ta da kayan aiki. Ya ce, "Ki zo ki karɓi takardar shaidarki ki huta, Malama." In huta! Ɗalibaina sun shafe makonni suna kankare gindin tukwanen iyayensu saboda wannan darasi, shi ne zan koma in ce musu an ce ba su isa ba?

Darasin nawa tawadar allo ce. A gidan malamai na tashi, tun ban iya ɗaura zane ba nake ganin ana kankaro baƙin tukunya a dama shi da ƙaro. Wata rana na kai wa Dakta Asabe ɗigo ɗaya ta sa a babbar na'urarta, sai ga ƙwayoyi a allon kwamfuta jere kamar ƙwan kifi. Dakta har miƙewa ta yi tsaye. Ashe ƙaron ne yake lulluɓe kowace ƙwaya ya hana ta manne wa 'yar'uwarta, shi ya sa tawada take zama baƙa wuluk daga sama har ƙasa. Idan babu ƙaro sai ƙwayoyin su dunƙule su kwanta, ruwa ya taso sama garau. To kwalba biyu ke nan a kwandona, ɗaya mai ƙaro, ɗaya marar ƙaro. Marar ƙaron ita ce shaidata, domin da ita yaro zai ga bambancin da idonsa. Na fito da kwana ɗaya a hannu ne don in isa Kano da wuri in ajiye ta, ta huce daga girgizar hanya ta kwanta.

Mun shiga Gwaram gari ya fara wayewa, ƙasan zanena ya sha taɓo.

Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu

A tasha na tarar da bas ɗin farko saura mutum huɗu ya cika. Na sayi ƙosai da kunu na karya a tsaye. Da aka zo lodi direban ya miƙo hannu zai jefa kwandona a but, tsakanin buhunan gyaɗa da wata akuya.

Na ce, "Sauke hannunka."

Ya ce, "Hajiya, kwando ai kujera guda ne."

Na ce, "A cinyata zai zauna. Cinyar taka ce?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya, ya girgiza kai ya ƙyale ni. Muka kama hanya, dawa da gero sun rufe ko'ina, kore shar. Ba mu yi rabin tafiya ba muka ji wani ƙara a ƙasan mota, ta yi tangal-tangal ta tsaya. Direba ya leƙa ya ɗago ya ce, "Ƙaramin abu ne." Duk wanda ya saba hawa motar haya ya san ma'anar wannan magana. Ya hau babur ya tafi neman makaniki, mu kuma muka baje a gindin wata tsamiya. A nan muka yi azahar. Wata tsohuwa ta kwance ƙullin dafaffiyar masara ta raba mana, Allah ya saka mata.

Dab da Birnin Kudu akwai shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya nuna kwandon da baki ya ce, "Mene ne a kwalaben nan?" Na ce tawada ce. Nan take ya gyara tsayuwa ya ce, "Allah gafarta Malama, a sa mu a addu'a." Na ce, "Allah ya tsare." Ban ga dalilin yi masa dogon bayani ba.

Birnin Kudu, gidan Kawu

Sai bayan la'asar muka hango duwatsun Birnin Kudu, ga wani hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Na ce bari in leƙa in gaida Kawu Malam Sale in wuce. Yayan mahaifiyata ne, alaramma, ya rubuta Alƙur'ani da ka tun ba a haife ni ba. Ina faɗin Kano ya ce, "A wannan hadarin? Ba da izinina ba, Bilki." Kawu ba ya maimaita magana. Na yi lissafi: taron sai bayan azahar, idan na bi motar asuba na isa da hantsi, kwalbar za ta sami lokacin kwanciya. Na haƙura.

Cikin gida jikoki sun yi yawa, don haka na kai kwalaben zauren Kawu na ɗora a taga kusa da kurtun tawadarsa, inda na san ba mai taɓawa. Na rubuta bayanin kowacce a jikinta da boko, na ɗauka shi ke nan. Inna Talatu, matarsa, ta yi mini tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya da man shanu, muka sha hira ruwa yana ta zuba.

Da asuba bayan na yi salla na shiga zaure in ɗauki kayana. Na duba taga. Kwalba biyu, dukkansu baƙi wuluk, ba ka bambance wannan da waccan. Na ɗaga su na sake dubawa. Sai ga Kawu ya shigo da carbi a hannu, fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, "Bilki, wa ya koya miki wannan aika-aikar? 'Yar gidan malamai za ta shiga birni da tawada a kwance? Ai da kin zubar mana da mutunci. Tun magariba na gani na jiƙa ƙaro, na gyara miki ita tsaf."

Na ɗora hannu a ka na ce, "Wayyo Kawu, ka kashe ni!"

Ya tsorata. Na yi masa bayani, na ce wannan kwanciyar ita ce darasin gaba ɗaya, ita zan nuna don kada a cire makarantarmu. Ya dube ni ya ce, "Wato da gangan kika ɓata ta?" Na ce da gangan. Ya ce, "Ikon Allah. Ni dai ban taɓa jin ilimin da sai an ɓata tawada ake koyar da shi ba."

Wallahi da wani ne ba Kawu ba, da unguwar ta ji mu. Na haɗiye fushina na ruga madafa in kankari wani baƙin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: tun da ɗansu ya sayo musu gas, tukwanen Inna fes suke, har ƙyalli suke yi. Ga motar farko tana shirin tashi. Ina fita Kawu ya biyo ni da wani dunƙulen ƙaro a ƙulle cikin takarda ya ce, "Riƙe wannan dai, ba a tafiya babu shi." Na karɓa don kunya, na jefa a jaka ko godiya ban yi ba.

Daga Birnin Kudu zuwa Kano

Wannan karon ƙaramar mota na samu, mu huɗu a baya. Har muka wuce Kwanar Huguma raina in ya yi dubu ya ɓaci. Muna hawa gadar Wudil, kogi ya cika ya batse, sai ga kiran Malam Nasiru.

Ya ce, "Malama, in hanya ta yi miki wuya kada ki wahalar da kanki, za mu aiko miki da takardar."

Na ce, "Malam, ka ajiye mini kujera a gaba."

Cunkoson shiga gari ya ci mana lokaci, amma hantsi bai dushe ba na sauka daga adaidaita a ƙofar ginin da za a yi taron.

Kano

Dakta Asabe na fara nema na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Kwantar da hankalinki. Ina da garin baƙi na kamfani a gwangwani, yanzu mu haɗa wata." Na san don Allah ta faɗa, amma na ce a'a. Na ce, "Dakta, in na taɓa gwangwaninki, Malam Nasiru ya yi gaskiya ke nan. Mu a Zandam wa zai ba mu gwangwani?"

Na zagaya bayan ginin inda nake cin abinci lokacin da nake zaune a can. Akwai wata Hajiya mai tuwo da ke girki da itace. Na roƙe ta ruwan zafi, na daddaka ƙaron Kawu na jiƙa a kofi. Sannan na nuna wata tukunya da ta sauke, gindinta baƙi kamar an shafe shi da kwalta, na ce aro nake so.

Ta ce, "Ta mece ce za ki kai ofis?"

Na ce, "Karatu za ta koyar."

Ta ce, "To, Allah ya ba ta sa'a. A dawo mini da ita kafin girkin yamma."

Zauren taron sanyin na'ura kamar ya daskarar da mutum, tebura an lulluɓe su da fararen ƙyallaye. Malamai uku suka riga ni, kuma gaskiya darussansu sun yi kyau, ba zan ci amanarsu ba. Da aka kira sunana na shigo da tukunya a ka na dire ta a gaban kwamiti. Malam Nasiru ya zabura ya ce, "Haba Malama, nan fa ba madafa ba ce."

Na ce, "Yau aji ne. Ungo cokali."

Shugaban kwamitin wani dattijon farfesa ne mai farin gemu. Shi ya fara naɗe hannun riga ya karɓi cokali, sai sauran suka rasa yadda za su yi. Suka kankaro mini baƙin a faranti, na murje shi da bayan cokali, na raba biyu a kwalaben ruwan da suka shanye. Ɗaya na zuba mata ruwa zalla, ɗaya na zuba ruwan ƙaro, na ba su suka girgiza. Na ninka ƙyalle fari na tace kowacce. Marar ƙaro ta bar baƙinta a kan ƙyallen, ruwan ya sauko dishi-dishi. Mai ƙaro ta ratsa ta wuce da baƙinta. Na ce, "Baƙi ɗaya, tukunya ɗaya, ƙyalle ɗaya. Me ya sa wannan ta wuce waccan ta maƙale?" Daga nan Dakta ta haska hoton ƙwayoyin a bango ta yi nata bayanin. Kafin ta gama, ragowar marar ƙaron da na bari a kwalba ta fara dunƙulewa tana rabuwa da ruwa a gaban idonsu.

Farfesan ya sunsuni yatsunsa ya ce rabonsa da wannan ƙamshi tun yana gaban malaminsu. Ya ce darasi ya shiga manhaja. Na fara hamdala ke nan sai Malam Nasiru ya ɗaga hannu. Ya ce shi ma ya yaba, amma ƙa'ida ƙa'ida ce: a gwada darasin a wata makaranta a cikin birni, inda baƙi za su iya zuwa su gani, tawa kuwa a cire ta kamar yadda aka tsara. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, wa zai riƙa zuwa Zandam da damina?

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na zo daga Zandam da daminar. In tawadar ta isa shiga manhaja, masu kankare tukunyar ma sun isa. Ba za a ɗauki aikin yarana a kai wa waɗansu a bar su da baƙin hannu ba. Darasin da makarantar tare suke. Ku ɗauke su tare ko ku bar mini su tare." Na sunkuya na ɗauki tukunyar Hajiya na ɗora a ka.

Farfesa ya dubi Malam Nasiru ya ce, "Gani ya kori ji. Gobe ku bi ta makarantar, kai da Dakta. In yaran sun iya, makarantar ta zauna." Ya ce kuma a bar masa kwalaben biyu zai kai wa jikokinsa.

Na mayar da tukunya a kan lokaci. A gidan Dakta na kwana.

Komowa

Alhamis da sassafe muka taso a motar Dakta, Malam Nasiru a gaba yana ta duban sararin sama. A Birnin Kudu na ce a tsaya. Ban huce gaba ɗaya ba, amma ba a wuce ƙofar kawu. Inna ta ja Dakta cikin gida, aka shimfiɗa wa Malam Nasiru tabarma a waje. Kawu ya yafito ni zaure, ya tura ƙofa, ya leƙa taga ko akwai mai kallo. Sannan ya sa hannu bayan tarin allunansa ya ciro wata kwalba a naɗe cikin tsumma.

Ruwa garau a sama, baƙi kwance a ƙasa.

Ya ce, "Jiya bayan tafiyarki na kasa zama. Na je wajen mai ƙosan bakin titi na roƙi kaskonta, mutane suna kallona ina kankara." Ya kawar da kai. "Tun ina yaro nake haɗa tawada, ban taɓa yin marar kyau irin wannan ba. Hannuna sai kai wa ƙaro yake yi ina janye shi. Ta ɓaci yadda kike so?"

Na durƙusa a gabansa hawaye suna zuba, na ce, "Kawu, ta ɓaci ƙwarai."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma kada ki gaya wa kowa ni na yi."

Daga Gwaram motar Dakta ba ta yi nisa ba taɓo ya riƙe ta. Babura muka hau. Malam Nasiru ya sauka a ƙofar makaranta wandonsa ja har gwiwa, bakina ya yi ƙaiƙayi amma na ƙyale shi. Na ɗora kwalbar Kawu a tagar aji, kafin baƙi su gama shan fura ta sake kwanciya. Yara suka fito da tukwanen gidajensu, na koma bayan aji na naɗe hannu. Su suka kankara, su suka tace, su suka yi bayani. Malam Nasiru ya yi musu tambaya ta gaske, ba ta wasa ba: in aka bar mai ƙaron shekara guda, ita ma za ta kwanta? Wata ɗaliba mai suna Hauwa ta ce ba ta sani ba, amma a bar kwalbar a tagar nan, ya dawo baɗi ya duba da kansa. Ya yi murmushi, ya fita waje ya kira Farfesa. Ina jin sa yana cewa, "Ranka ya daɗe, a bar su."

Na shiga gida ana kiran magariba, Baban Sadiya ya karɓi kwandon ya ce, "An kuɓuta?" Na ce an kuɓuta.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Dakta Asabe, da Hajiya mai tuwo da tukunyarta, da tsohuwa mai masara, har da Malam Nasiru, tunda ya taka taɓonmu. Kwalbar Kawu tana nan a tagar aji, duk shekara da ita zan buɗe darasin. Kawu kuwa ya ce kada in gaya wa kowa. Kawu, ka yafe mini, wannan kam ba zan iya rufe ta ba: tawada mafi muni a duk ƙasar Birnin Kudu, Alaramma Malam Sale ne ya haɗa ta, kuma saboda yarana ya yi.